Janye Shirye-shirye Daga Dandalin Kallo na Intanet da Makomar Ajiyar Fina-finan Arewa



Abin da wannan lacca za ta duba shi ne wata ɗabi'a da ta bayyana a harkar fina-finai ta duniya daga shekarar 2022, wato yadda manyan kamfanonin da ke nuna fim ta intanet suka shiga janye shirye-shiryen da su da kansu suka kashe kuɗi suka shirya, alhali babu wata hukuma da ta hana nuna su, babu kuma wanda ya kai ƙara a kansu, illa dai lissafin kuɗi ya nuna cewa barin su a gaban masu kallo ya fi ɓoye su tsada. Mai sauraro a Potiskum yana iya ganin cewa wannan rigima ce ta attajiran Amurka wadda ba ta shafi ƙasar Bolewa ba, to amma hanyar da waɗancan kamfanoni suka shata ita ce Kannywood ta hau tun da kasuwar faifai ta mutu, kuma ita ce duk wani matashi mai son yin fim ko waƙa da Bolanci, ko Ngizimanci, ko harshen Karai-Karai zai bi, saboda haka ramin da ke kan hanyar ya cancanci a san shi tun kafin a isa gare shi.

Dandalin kallo na intanet, kamar Netflix da Disney+ da Prime Video, manhaja ce da mutum ke biyan kuɗin wata domin ya kalli duk abin da ke cikinta, ba tare da an miƙa masa kaset ko faifai ba, domin fim ɗin yana zaune ne a manyan kwamfutocin kamfanin, ana turo shi kaɗan-kaɗan zuwa waya ko talabijin a daidai lokacin da ake kallo. Ma'anar wannan ita ce mai kallo ɗan haya ne, abin da ya saya izinin kallo ne kawai, kuma ko da manhajar ta ba shi damar ajiye fim a wayarsa, ajiyar a kulle take, tana daina buɗuwa da zarar kamfani ya cire fim ɗin. Shirye-shiryen da ke irin wannan dandali iri biyu ne: akwai waɗanda aka karɓo haya daga wasu kamfanoni na wani wa'adi, waɗanda fitarsu idan wa'adi ya cika ba ta ba kowa mamaki, akwai kuma na ƙashin kai, waɗanda dandalin ya ɗauki nauyin shirya su kuma ya mallake su, ya hana a sayar da su a ko'ina domin ya jawo mutane gare shi. Irin na biyun ne ake magana a kai, domin idan aka janye shi, sau da yawa babu wani wuri na halal a duniya da za a sake ganin sa.

Shekaru kusan goma waɗannan kamfanoni suka yi suna zuba kuɗi ba ji ba gani, saboda masu hannun jari ba riba suke tambaya ba, yawan sababbin masu rajista suke dubawa. A watan Afrilun 2022 Netflix ya sanar da cewa ya rasa masu biyan kuɗi 200,000 a cikin wata uku, karo na farko cikin fiye da shekara goma, hannun jarinsa ya faɗi warwas, daga nan kuma tambayar ta koma ta riba. A cikin wannan watan ne aka haɗe WarnerMedia da Discovery aka sami Warner Bros. Discovery, kamfanin da ya fara rayuwa da bashin da ya haura dala biliyan 50. A watan Agusta sabon shugabancin ya jingine fim ɗin Batgirl, wanda aka riga aka gama ɗauka aka kuma kashe masa kimanin dala miliyan 90, sannan ya kwashe shirye-shirye fiye da 30 daga dandalinsa na HBO Max, haɗe da tsofaffin kashi kusan 200 na shirin yara na Sesame Street, kafin shekara ta ƙare kuma Westworld, wanda a da shi ne abin tinƙahon kamfanin, ya bi sahu. A ranar 26 ga Mayun 2023 Disney ya cire shirye-shirye masu yawa daga Disney+ da Hulu, ya rubuta asarar dala biliyan 1.5 a kansu, kuma wani fim mai suna Crater, da aka fara nunawa a wannan watan na Mayu, bai cika mako takwas ba aka ɗauke shi.

Wajibi ne a tsaya a kan dalilin, domin nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Wurin da fim yake ci a cikin kwamfuta ba shi da wata tsada ta a zo a gani. Tsadar tana cikin alkawuran da ke rataye da fim ɗin. Akwai ladan maimaici, wato kuɗin da ƙungiyoyin marubuta da 'yan wasa da daraktoci na Amurka suka yi yarjejeniya a riƙa biyan mambobinsu kowace shekara muddin shirin yana kan dandali, ko an kalle shi ko ba a kalla ba, akwai kuma kuɗin hayar waƙoƙin da aka saka a ciki. Bayan wannan akwai ƙa'idar akanta: kuɗin da aka kashe wajen shirya fim ba a rubuta shi a matsayin asara rana ɗaya, ana ɗaukar fim ɗin a matsayin kadara ne, a riƙa rage darajarsa a littafi shekara bayan shekara, to idan kamfani ya janye shi ya ce ya daina amfani da shi, yana iya zubar da ragowar darajar gaba ɗaya, wanda hakan kan rage ribar da za a yanka wa haraji. Duk mai kiwon sa domin kasuwar shanu ta Potiskum ya san wannan lissafi, domin dabbar da ke ɗaure tana cin dusa da harawa kullum, kuma ranar da abincinta ya fara cinye abin da za ta kawo, ranar ce ake kai ta kara. Bambancin kawai shi ne mai sa yana sayarwa wani ya amfana, kamfanin fim kuwa a wasu lokuta kulle ɗaki yake yi ya riƙe makulli.

Akwai wani kuskure da ya yaɗu, cewa kamfanonin riba suke ci idan suka binne fim. Harajin tarayya a kan ribar kamfani a Amurka kashi 21 ne cikin ɗari, saboda haka wanda ya zubar da fim na dala miliyan 90, rangwamen da zai samu ta wannan fuska bai kai dala miliyan 20 ba, sauran kuwa ya tafi. Rage asara ake yi, kuma adalci ne a faɗi cewa ba duk abin da aka janye ne ya ɓata ba: Westworld ya sake bayyana a 2023 a tashoshin kyauta masu talla na Roku da Tubi, Star Trek: Prodigy da Paramount+ ya sallama ya sami masauki a Netflix, Coyote vs. Acme kuma, bayan an jingine shi a 2023, wani ƙaramin kamfani ya saye shi a 2025. Sai dai waɗanda suka tsira su ne masu suna da masu magoya baya da ke iya tayar da ƙura, ƙananan kuwa, waɗanda babu mai saye na biyu da ke jiran su, sun yi shiru. Batun ladan maimaici yana cikin manyan dalilan yajin aikin marubutan Hollywood na kwana 148 da na 'yan wasa na kwana 118 a 2023.

Guguwar ba ta tsaya a Amurka ba, ko da yake siffar da ta ɗauka a Nijeriya ta rufe famfo ce fiye da ta kwashe abin da ke kan dandali. Netflix ya bayyana cewa tsakanin 2016 da 2022 ya zuba dala miliyan 175 a Afirka kudu da Sahara, inda Afirka ta Kudu ta kwashi miliyan 125, Nijeriya kuma ta sami abin da bai kai miliyan 24 ba, daga cikinsa kuma rabon Arewa bai wuce 'yan fina-finai irin su Mati a Zazzau da aka karɓa aka nuna ba. Prime Video na kamfanin Amazon ya fitar da Gangs of Lagos a Afrilun 2023 a matsayin fim ɗinsa na ƙashin kai na farko a Afirka, amma a Janairun 2024 ya daina ba da kwangilar sababbin shirye-shirye a nahiyar. A Disambar 2024, a bikin fina-finai na Zuma a Abuja, mai shirya fim Kunle Afolayan ya shaida wa abokan sana'arsa cewa Netflix ya rage hannu wajen ba da kwangila, kamfanin kuma ya amsa da cewa bai bar Nijeriya ba. Faɗuwar darajar naira tun daga Yunin 2023 ta sa kuɗin watan da ɗan Nijeriya ke biya ya ƙanƙance idan aka juya shi zuwa dala, kuma wanda ke lissafi da dala ba ya buƙatar ƙin kowa kafin ya tattara kayansa.

Kannywood ba ta taɓa dogara da waɗannan manyan ba, amma ta faɗa cikin tsari iri ɗaya ta wata ƙofar. Daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, har zuwa zamanin Sangaya da Wasila, fim abu ne da ake riƙewa a hannu: dillalan Bata da Ƙofar Wambai su buga kaset, daga baya faifai, motoci su kwaso su zuwa Azare da Potiskum da Damaturu da Maiduguri, kowane shagon haya da kowane gida mai bidiyo ya zama ƙaramar ma'ajiya ba tare da ya yi niyya ba. Satar fasaha da masu tura fim a waya suka durƙusar da wannan kasuwa, sai furodusoshi suka koma ga fina-finai masu dogon zango, Daɗin Kowa da Kwana Casa'in a tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014, Izzar So da Labarina da suka yi tashe daga 2020, ga kuma manhajojin gida irin su Northflix da Kallo.ng. Yau mafi yawan abin da ake shiryawa da Hausa ba a buga shi a kan komai. Yana YouTube, yana cikin kwamfutar mai tace hoto, shi ke nan.

YouTube ba ya biyan ladan maimaici, don haka ba shi da dalilin Disney na kwashe kaya, amma masaukin nasa ma ba na dindindin ba ne. A ƙa'idarsa, tashar da aka yi wa gargaɗi uku na keta haƙƙin mallaka cikin kwana 90 ana iya rufe ta da duk abin da ke cikinta, kuma masana'antar da ta saba aron kiɗa da sauti ba tare da takarda ba tana kusa da wannan haɗari fiye da yadda take zato. Ana sace tasha, ana mance kalmar sirri, mai tasha yana rasuwa magada ba su san yadda ake shiga ba, abokan kasuwanci suna ɓatawa ɗaya ya goge abin da suka tara. Manhajojin gida kuwa ƙananan kamfanoni ne da ke karɓar naira suna biyan hayar kwamfutocin ajiya da dala, kuma ranar da ɗaya daga cikinsu ya gaza, fina-finan da ya saya bisa sharaɗin kada a nuna su a wani wuri za su shiga irin ɗakin da Batgirl ya shiga. Wanda ke ganin babban kamfani ba ya ɓatar da kaya sai ya tuna da dandalin MySpace, wanda a 2019 ya amsa cewa waƙoƙi kusan miliyan 50 da jama'a suka ɗora cikin shekara goma sha biyu sun salwanta wajen sauya kwamfutoci. Dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta yi a Mayun 2025 dalilinsa daban ne, na doka ne ba na tsimi ba, sai dai ya nuna yadda sa hannu ɗaya ke iya tsayar da abin da miliyoyi ke kallo. Mutanen Yobe kuma ba sa buƙatar a ba su labarin rayuwa ba layi, domin bayan dokar ta-ɓaci ta Mayun 2013 an yanke sadarwar waya a jihar na tsawon makonni, a lokacin kuwa abin da ke cikin memori da faifai shi kaɗai mutum ya mallaka.

Tarihi ya riga ya gwada wannan tsimi sau ɗaya, kuma wani ɓangare na sakamakon a Arewacin Nijeriya aka tsince shi. A shekarun 1960 da 1970 BBC ta riƙa goge kaset ɗin shirye-shiryenta tana sake ɗauka a kai, saboda kaset yana da tsada, yarjejeniyar 'yan wasa ta taƙaita maimaici, kuma ba a ga wanda zai sake sayen tsohon shiri mai baƙi da fari ba. Ta haka kashi fiye da 100 na shirin Doctor Who suka ɓata. A Oktobar 2013 aka sanar da cewa wani mai farautar tsofaffin fina-finai, Philip Morris, ya gano kashi tara daga cikinsu, na 1967 da 1968, a ɗakin ajiyar wani gidan talabijin a Jos, inda kwafin da aka sayar wa Nijeriya ya yi shekaru a kan kanta ba wanda ya mayar ko ya ƙona. Haka kuma Shaihu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗauka ya ɓata, sai a 2016 aka gano shi cikin kayan Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. A duka biyun abin da ya ceci aikin shi ne samuwar kwafi na zahiri a hannun wani wanda ba shi ne mai yanke hukuncin gogewa ba. Wasannin Samanja da na Kasimu Yero da na Karkuzu, waɗanda suka raini ƙarni guda na masu kallo, abin da aka fi samu daga cikinsu yau shi ne gutsattsarin da wani ya naɗa a gida ya ɗora.

Daga nan ake fahimtar wani abu mai ɗaci ga 'yan fim, wato mai tura fim a waya, wanda ya cinye musu kasuwa kuma ba a wanke shi daga wannan laifi ba, shi ne a halin yanzu ya fi kowace hukuma tara fina-finan Hausa, domin kwamfutarsa a bakin tasha ko kasuwar waya tana ɗauke da abin da furodusan kansa ya rasa. Amma ajiyarsa ta ɗan kasuwa ce shi ma: hoton an matse shi ya lalace domin ya shiga ƙaramar waya, babu sunan shekara ko na ma'aikata, kuma idan wuri ya cika tsohon da ba a tambaya shi yake fara gogewa. Lissafinsa da na Warner ɗaya ne, girman jari ne ya bambanta.

Matsayin da wannan lacca ta tsaya a kai shi ne cewa ciniki da ajiya aiki biyu ne, kuma ba a damƙa na biyun ga mai yin na farko, ba don mugu ne ba, sai don ranar da riba da ajiya suka saɓa an san wanda zai zaɓa. Wannan ya fi tsanani ga ƙananan harsuna. Fim ɗin Hausa yana da masu kallo daga Kano zuwa Maraɗi, Kumasi da Jidda, saboda haka yana iya samun mai saye na biyu. Wasan kwaikwayo ko waƙar biki da Bolanci masu jin ta ba su kai yawan da tallan YouTube zai biya ko kuɗin man janareta ba, kuma a ma'aunin kamfani irin wannan ne farkon abin da ake sharewa, alhali a ma'aunin harshen da yaransa ke komawa Hausa a cikin garin Potiskum, kowace sa'a ɗaya ta magana da aka naɗa dukiya ce. Garin ya taɓa ganin yadda ake yin abin daidai: aikin binciken harsunan Yobe da Farfesa Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles da Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri suka jagoranta ya sanya sakamakonsa a intanet, amma kuma ya buga ƙamusun Bolanci da Ngizimanci da Karai-Karai da Ngamo da Bade a kan takarda, a maɗaba'ar Ajami da ke nan Potiskum a 2004, ta yadda ko shafin ya rufe littattafan suna hannun mutane.

Doka ta san wannan hikima game da littafi, domin dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya kai kwafi uku ajiya. Game da fim kuwa, akwai ma'ajiyar fina-finai da sauti ta ƙasa a Jos ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, Jami'ar Jos kuma ta buɗe digiri na biyu a fannin adana fim a 2019 tare da Jami'ar Goethe ta Frankfurt, sai dai fim mai dogon zango da ake ɗorawa kowane mako daga Kano ba ya bi ta Jos. Hukumomin tace fim su ne mashigar da kowane fim ya kamata ya ratsa, saboda haka su ne suka fi dacewa su karɓi kwafi mai cikakken inganci su miƙa wa ma'ajiya, bisa sharaɗin ba za a nuna shi ba sai da izinin mai shi ko bayan ƙarewar haƙƙinsa, wanda a dokar haƙƙin mallaka ta 2022 shekara 50 ne ga fim. Furodusa kuma, kafin ya sa hannu a takardar da ta ba wata manhaja ikon nuna fim ɗinsa ita kaɗai, ya kamata ya nemi a rubuta wa'adi, a kuma rubuta cewa idan manhajar ta janye fim ɗin ko ta rufe, ikon ya dawo gare shi cikin watanni ƙididdigaggu. Wannan sharaɗi ba ya cin ko kwabo, amma sai an tambaya ake samun sa, kuma wanda ke cikin matsin kuɗi yakan sa hannu bai karanta ba.

A matakin gari, aikin bai fi ƙarfin Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Potiskum ba, ko majalisar Masarautar Fika, wadda hedikwatarta take garin tun 1924, ko ta Masarautar Potiskum: kwafi uku na kowane abu, a na'urori iri biyu, ɗaya a wani gari daban, tare da rajistar da ta faɗi wanda ya yi, da shekara, da harshe, da wanda ke da haƙƙi, sannan a riƙa sake kwafewa duk bayan 'yan shekaru domin na'urar ajiya ma tana mutuwa. Abin da ya fi gaggawa shi ne kaset ɗin bidiyo na naɗin sarauta da hawan salla da bukukuwan aure na shekarun 1980 da 1990 da ke cikin akwatunan gidaje, domin zafi da ƙura suna cin zaren kaset, kuma kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar kunna irin wannan kaset, ya daina ƙera ta tun watan Yulin 2016, saboda haka duk wanda zai kwafe su sai ya nemi tsohuwar na'ura mai aiki da makanikin da har yanzu ya iya gyaran ta.